Mai Haki na Kilomita Biyar

"Baffa, don girman Allah ka sauko! Tsanin nan ba zai ɗauke ka ba."

Hureira ce ke magana ta saman katangar da ta raba gidanta da na maƙwabcinta. Baffa Mahamadu ko waiwayowa bai yi ba. Yana can saman tsanin, ƙafa ɗaya a kan katako, ɗaya a jikin ginshiƙi, yana yayo bunun rumfar dabbobinsa da hannu yana jefowa ƙasa. Tumaki da awaki sun taru a ƙarƙashinsa, sun ɗaga kai suna kuka. Duk dunƙulen da ya faɗo sai su yi ca a kansa, su shinshina, su ja da baya.

"Ba za su ci ba," in ji Hureira. "Bunun nan damina nawa ya sha? Dubi yadda ya yi baƙi."

"Na ciki bai yi ba, ɗiyata." Ya tsaya ya ja numfashi, ƙirjinsa na fito kamar an huda zuga-zugi. "Ki kawo mani ruwan kanwa da ɗan gishiri. In an yayyafa suna ci."

Ta kewayo ta inda katangar ta zube, ta riƙe masa tsanin har ya sauko. Ta jiƙa kanwa a tsohon kwano, suka yayyafa wa bunun. Tumakin suka ɗan tsattsaga suna tauna ba da son ransu ba. Wata jar akuya kuwa ta kau da kai, ta je jikin bango tana lasar ƙasa.

Sunansa Mahamadu, amma duk unguwar Kilomita Biyar da Mai Haki aka san shi. Ubansa mutumin Ƙonni ne, ya biyo shanu har birnin Bangi da shi yana ƙaramin yaro, kuma har ya tsufa bai saki harshen gidansu ba. Abin da Hureira da danginta 'yan asalin Kano ke kira ciyawa, shi haki yake ce masa. Tun tana amarya a layin nan take ganinsa da kurarsa, an lafta mata dammunan busasshiyar ciyawa, yana bin Titin Koudoukou yana sauke wa masu kiwon raguna a ƙofar shagunansu. Da girma ya zo, ƙurar ciyawar ta zauna masa a ƙirji, numfashinsa ya koma kamar na wanda ya yi tsere. Yaran da suka taso daga baya, waɗanda Sango, harshen ƙasar, ta fi Hausa zama a bakinsu, sun ɗauka saboda wannan hakin ne ake kiransa haka. Shi kuwa dariya abin yake ba shi.

Tun watan Disamba gari ya rikice. Unguwar ta koma kamar garke da aka kewaye: wanda ya wuce shingen tayoyi da ke bakin layi ba shi da tabbacin dawowa, domin masu adduna na jira a waje. Manyan motoci suka riƙa zuwa suna kwasar mutane zuwa Chadi da Kamaru, an ɗaure katifu da tukwane a samansu. Mota ba ta ɗaukar dabba, don haka duk gidan da zai tashi sai a janyo tunkiya ko akuya zuwa ƙofar Baffa, a ce, "Ga amana, in Allah ya sa za mu dawo." Ɗansa Abdulrahim ya durƙusa a tsakar gidan nan yana roƙonsa ya shiga mota. Baffa ya sa masa albarka, ya rako shi har bakin titi, ya komo ya ba dabbobi ruwa.

A lokacin ɗakin ajiyarsa cike yake da ciyawa har rufi. Yanzu an share shi tas, har ɓurɓushin da ke ƙasa an tattara an ba su. Ragunansa na kansa ya yanka su ɗaya bayan ɗaya, ya aika da naman Masallacin Koudoukou inda waɗanda aka ƙone wa gidaje ke kwana. Abin da ya rage nasa jar akuyar ce kaɗai, ita ma ba don kansa ya bar ta ba.

A gidan Hureira akwai jaririya, Samira, ɗiyar ɗanta Hamza. Hamza yaron mota ne, rikici ya rutsa da shi a bakin iyakar Kamaru, hanya ta rufe. Matarsa Nafisa 'yar unguwar Kokoro ce. Ranar da aka zo aka gaya mata an kashe mahaifinta a ƙofar gidansa, ta zauna daɓas a ƙasa ba ta yi kuka ba, kuma daga ranar nononta ya fara ƙafewa har ya ɗauke. Madarar gwangwani ta ɓace daga shaguna. Baffa ne ya leƙo ta katanga wata safiya da kofi a hannu, ya ce, "A tafasa, a sirka da ruwa, a gwada mata." Yarinyar ta karɓa. Tun daga nan kowace safiya Hureira ke tsallakowa ta tatsi jar akuya.

Suna tsaye suna kallon tumakin sai ga sallamar Malam Abdulgani, telan da ke tsallaken layi. Ya dubi rumfar da aka yaye rabinta, ya dubi haƙarƙarin dabbobin, ya girgiza kai.

"Baffa, zan sake faɗa ko ranka zai ɓaci. Mutane na kwana da yunwa a masallaci, dabbobi kuma na mutuwa a tsaye. A yanka su. Masu su in sun ji ba za su ƙi ba."

"In nawa ne, Malam, da an daɗe da mance ɗanɗanonsu." Baffa ya nuna wata farar tunkiya mai baƙin kunne. "Wagga ta Sa'adatu ce mai ƙosai. Da ita ta ce za ta yi wa ɗiyarta kayan ɗaki. Waɗancan biyun na marayun Badaru ne. In sun komo gida babu rufi, shago babu ƙofa, da mi za su soma?"

"In sun komo."

"To, in sun komo."

"In kuma dabbar ta mutu mushe fa? Kowa ya yi asara."

Baffa ya dubi tumakin. Can ya ce, "Wadda na ga ta kasa tashi, ni da kaina zan kira ka da wuƙa. Amma mai tsayuwa da ƙafafunta, a bar mani ita."

Malam Abdulgani ya tafi yana gunaguni. Hureira ta bi shi da kallo. A ranta ta san telan yana da gaskiya, kuma ta san da za a bi tasa, ba a daɗe ba za a zo kan jar akuya.

Washegari ta durƙusa ta yi ta matsa hantsar akuyar, abin da ya fito bai rufe gindin kofi ba. Ta sirka shi da ruwa har ya zama fari-fari kawai. Samira ta shanye, ta ci gaba da tsotsar cokali, sannan ta ɓarke da kukan da ba ta daina ba har rana ta take. Nafisa na ta jijjiga ta a tsakar gida tana yi mata waƙa da Sango. Zuwa la'asar kukan ya dushe ya koma ƙaramar ƙara kamar ta ɗan kyanwa, wannan kuwa ya fi tayar wa Hureira da hankali.

Da yamma Baffa ya kira ta bakin katanga. Wayarsa na hannunsa.

"Na samu Filomen," ya ce. "Tana da haki. Ta ce in zan iya isa bakin lambatu, bayan gidajen da aka ƙone, za ta kai mani can gobe da sassafe."

Hureira ta san Mama Filomen. Kirista ce, daga unguwar da ke bayan lambatun. Shekara da shekaru ita ke yanko ciyawa a bakin kogi, ta shanya, ta ɗaure, Baffa ya je ya ɗauko. Ranar sunan Samira ma ta zo da tukunyar ganyen rogo.

"Baffa, can fa ya wuce shinge."

"Na sani."

"Ka bari a gaya wa samarin da ke gadi su je."

"In suka tahi da bindigogi, Filomen ta shiga uku, mu ma haka. Tsoho da kura ba mai kula shi."

Ta koma ɗaki ta dubi jikarta, wadda maɗigarta ta faɗa. Da aka idar da sallar asuba gari ya fara haske, ta ji ƙarar ƙafar kura a ƙofar gida. Ta yafa tsohon zane ta fito.

"Ina za ki?"

"Kai kaɗai za ka turo ta da wannan ƙirjin?"

Ya dube ta, ya ga ba za ta koma ba, sai ya matsa mata gefe ɗaya na mariƙin.

Samarin da ke shinge suka yi ta magiya, Baffa ya ce musu yanzu za su dawo. Suka janye taya ɗaya, kura ta wuce. Hureira ba ta taɓa taka hanyar bayan shingen ba tun da abin ya fara, alhali nan take bi zuwa injin niƙa. Gidaje sun zama kango, an kwashe kwanon rufi da ƙofofi da tagogi. Ga takalmin yaro ƙafa ɗaya a tsakiyar hanya, ga keken ɗinki da wuta ta lanƙwasa. Bishiyoyin mangwaro ne kawai ke tsaye yadda ta san su, sun yi 'ya'ya ƙanana ba mai jifa. Ƙafar kurar na kuka, kowane juyi sai Hureira ta ji kamar duk Bangi na jin su.

Mama Filomen na tsugune a bayan wani rusasshen bango a tsallaken lambatun. Da ta gan su ta miƙe, ta dafe baki.

"Baba Mamadu! Kai ne ka koma haka?" ta ce da Sango. "Ina namanka ya tafi?"

"Tumaki sun cinye," in ji shi, suka yi dariya ƙasa-ƙasa. Ta riƙo hannun Hureira ta tambayi jaririya. Da ta ji labari ta kira sunan Allah da Sango, "Nzapa!" ta juya da sauri ta fara janyo dammunan daga inda ta ɓoye su a ƙarƙashin tsohon kwanon rufi. Ciyawar ta bushe da kyau, ruwan ƙasa-ƙasa da ɗan kore a ciki. Ƙamshinta ya bugi Hureira, sai da idonta ya ciko. Har da buhun ɓawon rogo busasshe ta haɗo, ta ce wannan na mai nono ne. Baffa ya cusa hannu a cikin dami ɗaya, ya zaro tsinke ya sa a baki ya tauna.

"Na bakin kogi ne," ya ce. "Allah shi yi miki albarka."

"Laraba mai zuwa zan sake kawowa, nan ɗin dai, da sassafe."

Suna ɗaure igiya ta ƙarshe suka ji ihu. Samari ne suka ɓullo daga wani lungu can sama, da adduna a hannu, layu rataye a wuya da damtse, ɗaya na riƙe da doguwar bindigar farauta. Mama Filomen ta ce, "Ku tafi!" Ita kuwa ta fita tsakiyar hanya ta ware hannuwa, ta fara zazzaga wa na gaban faɗa. Hureira ta ji tana kiran sunansa da na uwarsa, tana cewa ita ta goya shi ranar da uwar ke kwance, in ya isa ya fara sare ta.

Suka tura kura. Nauyinta ya ninka na zuwa, hanyar kuma hawa ce. Aka harba bindiga a bayansu, tsuntsaye suka tashi daga kan mangwaro.

"Baffa, mu bar ta! Mu gudu!"

Bai saki kurar ba. Ya sunkuyar da kai, ya kafa ƙirjinsa a jikin mariƙin, yana gudu irin na tsofaffi, hularsa ta faɗi bai tsaya ba. Hureira na jin numfashinsa a kunnenta, fito a shiga, fito a fita. Aka sake harbi, ba ta san ko sama aka yi ko su aka nufa ba. Samarin shinge suka hango su, suka rugo suka kama kurar. Da ta tsallake tayoyin, Baffa ya saki mariƙin ya durƙushe a kan gwiwoyinsa, bakinsa a buɗe, leɓunansa sun yi toka-toka. Ya laluba aljihu ya ciro ɗan abin shaƙarsa, ya matsa, ya sake matsawa. Babu komai a ciki.

A kan dammunan aka ɗora shi aka kawo shi gida.

Hureira ba ta yarda a kwantar da shi a ɗakinsa ba, saboda ƙurar ciyawa ta kama ko'ina. Aka shimfiɗa masa tabarma a zaurenta, aka jingina shi da buhun gawayi da matashi, domin in ya kwanta a miƙe numfashin tsayawa yake. Malam Abdulgani ya zaga duk inda ake sayar da magani a unguwar, ya dawo hannu wofi. A ɗan asibitin da ya rage a cikin unguwa aka ce abin da suke da shi na masu rauni ne, maganin ƙirji ya ƙare tuni, sai dai a jira ranar da sojoji za su yi wa mota rakiya zuwa cikin gari. Hureira ta dafa ganyen turare da citta, ta lulluɓe shi da zane ya shaƙi tururin. Yakan ɗan samu sauƙi, sannan abin ya dawo.

A tsallaken katanga kuwa kukan dabbobi ya ɗauke. Sai ƙarar tauna. Jar akuya ta ci ciyawa ta ci ɓawon rogo, ta sha ruwan kanwa. Ba a jima ba hantsarta ta fara nauyi. Safiyar da kofi ya kusa cika, Hureira ta kawo shi zaure ta nuna masa kafin ta tafasa. Ya leƙa, ya gyaɗa kai, ya lumshe ido.

Nafisa ce ke zama da shi in Hureira na aiki. Tun rasuwar mahaifinta ba ta cika magana ba, amma da tsohon takan ɗan saki jiki. Wata rana da hantsi Hureira na wanke-wanke a bakin zaure ta ji tana tambayarsa da Hausarta mai gauraye.

"Baba, ni fa tun ina ƙarama na ɗauka don numfashinka ake ce maka Mai Haki."

"Da can don na kura ne," ya ce, yana tsayawa tsakanin kalma da kalma. "Yanzu kam... duka biyun nawa ne."

"To hakin da liman ke faɗa a huɗuba fa? Hakin maƙwabci, hakin maraya?"

"Wancan hakki ne. Ki danne shi da harshe." Ya yi tari mai tsawo, ta riƙe masa kofi. "Ku 'yan yanzu... komi kun mayar da shi guda."

Nafisa ta yi dariya. Hureira ta tsaya da kwano a hannu, domin rabonta da jin dariyar yarinyar tun kafin Disamba.

Da jikin ya ɗan lafa ya ba su labarin zuwansa Bangi: yadda suka yi watanni a hanya bayan shanu, yadda ubansa kan aza shi a kan wani baƙin sa in ƙafarsa ta kumbura, yadda wurin da gidajensu suke yanzu ciyawa ce ta fi mutum tsawo. Ya ce a nan ya binne ubansa, a nan ya binne matarsa, bai san kowa a Ƙonni ba ko da suna. Ya sa Hureira ta tsaya a bakin katanga tana kwatanta masa dabbobin ɗaya-ɗaya, shi kuma yana faɗin mai kowace, har ta haddace.

Ranar Litinin abin ya tsananta. Tun safe bai iya haɗiye ko ruwa ba. Jijiyoyin wuyansa suka fito, kafaɗunsa na ɗagawa da kowane numfashi, gumi ya jiƙa rigarsa. Malam Abdulgani ya rufe shago ya zo ya zauna a gefensa yana karatu a hankali. An ce motar rakiya sai jibi. Wajen azahar Baffa ya yi alama da hannu a kawo masa Samira. Nafisa ta durƙusa ta miƙa ta. Yarinyar ta yi ɓul-ɓul kaɗan, idanunta sun washe. Ta kama yatsansa ta kai baki. Ya dube ta ya daɗe.

Bayan la'asar ya kamo gefen zanen Hureira. Ta sunkuya ta kai kunne bakinsa.

"Hure... ki ba su hakinsu."

"Na ba su, Baffa. Yanzu na zuba musu."

Ya girgiza kai kaɗan, ko kuwa numfashi ne ya girgiza shi, ba ta tantance ba. Ya sake motsa baki, kalmar ba ta fito ba. Ba ta sani ba ko tumakin yake nufi da ciyawarsu, ko mutanen da suka bar masa su. Ta ce, "Zan ba su, duka. In Allah ya yarda." Malam Abdulgani ya matso yana maimaita kalmar shahada a kunnensa. Leɓunan Baffa suka bi shi sau ɗaya. Fiton da suka kwana suka wuni suna ji ya yi ƙasa, ya yi ƙasa, sannan zauren ya yi tsit har suna jin taunar tumaki ta bayan bango.

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un," in ji telan. Ya shafe masa ido.

Nafisa ta miƙa wa Hureira jaririyar, ta fita tsakar gida, ta kifa kai a jikin randa. Kukan da ba ta yi wa mahaifinta ba ya ɓalle mata, tana kiran "Baba, Baba," ba wanda ya san wanne take kira. Hureira ta bar ta ta yi.

Hanyar maƙabarta ta daɗe da rufewa. Mutanen layi da suka rage suka yi shawara a tsaye, aka ce a yi masa a gidansa. Aka kora dabbobin gefe guda aka tare su da kurar, aka haƙa a gindin rumfar da ya yaye. Malam Abdulgani ya ɗinka likkafani da farin yadin da wani ya bar masa bai dawo ya karɓa ba. Sahu bai cika biyu ba. Kafin magariba an gama, an jera tubalan kango a kewaye don kada awaki su hau.

Da mutane suka watse telan ya tsaya a bakin ƙofa yana kallon tumakin. Hureira ta jira ya ɗauko maganar yanka. Sai ya ce, "Ciyawar nan za ta kai yaushe?"

"Ba za ta wuce mako ba."

"To." Ya sa takalmansa. "In za ki bakin lambatu ki buga mini ƙofa."

Wayar Baffa ta mutu ba caji, Hureira kuma ba ta da lambar Filomen. Ba yadda za a yi matar ta ji sai an je. Ranar Laraba da sassafe suka fita da telan, ba su ɗauki kura ba saboda ƙararta. Ya tsaya a bayan bishiyar mangwaro ta ƙarshe yana duba hanya, ita ta ƙarasa.

Mama Filomen na nan a bayan bangon, da dami ɗaya babba a gabanta. A goshinta akwai tabon duka da ya fara warkewa. Ta leƙa bayan Hureira, ta sake leƙawa.

"Ina Baba Mamadu?"

Hureira ta tsaya a bakin katakon da aka gitta a kan lambatun. Ta shirya maganar tun daga gida, amma da ta buɗe baki abin da ya fito kaɗan ne.

"Lo kui awe," ta ce da Sango. Ya rasu.

Matar ta ɗora hannu biyu a ka. Ba ta yi ihu ba, don wurin ba na ihu ba ne. Ta zauna a kan damin tana jijjiga jiki gaba da baya, hawaye na bin kumatunta suna sauka a kan zane. Hureira ta tsuguna a nata gefen. Baƙin ruwan lambatun na wucewa a tsakaninsu da ledoji a ciki. Can Filomen ta tambayi yadda abin ya faru, Hureira ta gaya mata. Ta tambayi inda aka sa shi, ta gaya mata. Ta tambayi jaririya.

"Tana sha. Ta yi nauyi."

Filomen ta share fuska da bakin zane, ta miƙe. Ta ɗaga damin ta tako kan katakon da shi har ta iso wannan gefen. Ta kwance ɗankwalinta ta naɗe shi gammo, ta ɗora a kan Hureira, ta aza mata kayan, ta gyara zamansa da tafin hannu ta ko'ina kamar mai shirya yarinya zuwa kasuwa.

Hureira ta juya ta kama hawa, wuyanta a miƙe, hannu ɗaya a jikin igiya. Damin ya fi ta faɗi, yana gogar bangayen kango, tsinkaye na zuba a bayanta a kan hanyar da ba kowa. Da ta kai gindin mangwaron ta juyo da jikinta duka, don kai ba ya juyuwa da kaya. Filomen na tsaye inda ta bar ta, kanta ba ɗankwali, furfurarta a waje, da 'yan tsinkayen ciyawa maƙale a ciki.